Alamar da Ta Fi Mai Fenti Tsawo

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Lahadi wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda, silifas ɗinta ɗaya ya tsinke, hannunta riƙe da ƙullin magani a leda. Sufeto na tsaye a bayan kanta yana hura shayi. Ta yi sallama, ta ce mijinta bai kwana a gida ba.

Saje, wani mai tumbi da saura wata takwas ya yi ritaya, ya yi irin murmushin da bai kamata ba. Matar ta gani. Ta ce masa ya adana haƙoransa, mutumin da take magana a kansa shekara ashirin da shida bai taɓa wuce isha'i a waje ba, kuma ko akuya ce ta ɓata ai sai an tambayi launinta kafin a yi dariya.

Sufeto ya ajiye kofi ya jawo takarda.

Mijin, Mai Fenti kowa ke ce masa, sana'arsa ke nan, fentin gidaje da rubuta allunan shaguna. Ɗan ƙungiyar masu hawan dutse ne, dutsen nan da ya tokare bayan gari. Jiya Asabar suka fita aikin sa kai na wata-wata. Wasu kwasar shara, wasu cire tarkunan da mafarauta ke ɗanawa, shi kuma aka ba shi sanya alamun fenti a sabuwar hanyar da suka share bana. Da magariba ta yi bai dawo ba, ta kira 'yan ƙungiya, suka ce ta kwantar da hankalinta, ya sauko tun la'asar. Ta je gidan ƙanensa, ta je asibiti, ta je tasha. Babu wanda ya gan shi.

"Wayarsa fa?"

"Tana gida, ranka ya daɗe. Ya ce saman dutse ba sabis, kaya ce kawai." Ta ɗora ledar a kan kanta. "Ciwon suga gare shi. Ruwa gora ɗaya ya tafi da shi, da dabino bakwai. Ni na ƙirga."

Sufeto ya dubi agogo. Ya ce ta kwatanta masa shi. Ta nuna kafaɗarta ta ce nan kansa yake tsayawa, gajere ne ƙwarai, kuma za a gane shi da wando mai faci a gwiwa biyu, don ba ya aikin ƙasa a sunkuye, durƙusawa yake yi kamar mai neman gafara. Wando huɗu ta yi wa faci bana kaɗai.

Ni da nake ba ku labarin nan na san dutsen kamar yunwar cikina. Sau uku yana kayar da ni, sau uku ina tashi in kaɗe riga, waɗanda suka zo yi min jaje da yawa na riga na je jana'izarsu. Ranar nan dai gwiwa ce ta kwantar da ni a gida, shi ya sa aikin ya kai Sufeto har azahar. Amma yaron ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Ƙarfe takwas motar 'yan sanda ta tsaya a gindin dutse, da Sufeto da Saje da matar, don ta ce in an bar ta a ofis za ta biyo su da ƙafa. Ƙungiyar na da ɗaki ɗaya a wurin, da rumfa a gaba, da sito a baya. Mutum uku na jiransu. Akwai Sakatariya, ma'aikaciyar jinya ce, ita ke rubuta takardar labaran ƙungiya duk wata. Akwai wani tela da ake kira Wutsiya, don shi ne mai saukowa na ƙarshe ya kulle ɗaki. Sai Barewa, mai gyaran lantarki, dogo ne siriri, ba wanda ya kai shi sauri a kan dutse. Hotonsa ne a takardar labaran da ke manne a bango, wata uku a jere, an rubuta a ƙasa cewa shi kaɗai ya cire tarko ɗari biyu da sha ɗaya. Na jiya ma guda bakwai ga su nan rataye a ƙusa, wayarsu na ƙyalli.

Sakatariya ta kai Sufeto gaban allo ta yi masa bayani. Layi biyu ne na ƙusoshi, na sama da na ƙasa. Kowane ɗan ƙungiya na da lambarsa, 'yar guntuwar kwano da aka huda. In za ka hau, ka ɗaga lambarka zuwa layin sama. In ka sauko, ka mayar da ita ƙasa da hannunka. Ba mai taɓa lambar wani, ko ta ubansa ce. Wutsiya kuma ba ya sa kwaɗo sai layin sama ya zama wayam. Jiya mutum goma sha tara suka hau, lamba goma sha tara ta dawo ƙasa.

Ban yi boko ba, amma dabarar allon nan daga kaina ta fito, masu digiri suka zo suna yabawa.

Sufeto ya ce a nuna masa ta Mai Fenti. Ba ta da wuyar ganewa. Ta yi kauri da busasshen fenti, ja a kan fari, fari a kan shuɗi, ga zanen babban yatsa nan birjik. Ya cire ta da gefen hankici, ya fita rana, ya juya ta gaba da baya.

"Wane launi ya yi aiki da shi jiya?"

"Rawaya," in ji Sakatariya. "Tsohuwar hanya ja ce, muka ce sabuwar a yi mata rawaya kada a ruɗe. Jiya aka fara buɗe gwangwanin."

"Yana sa safar hannu?"

Ta ce sam. Kowa a ƙungiya na sa safar hannu ranar shara, ban da shi. Cewa yake yin fenti da safa kamar mutum ya yi susa ta kan bargo ne.

Sufeto ya miƙa mata lambar ya ce ta nemo masa rawaya a jikinta. Ta duba, ta sake dubawa. Ko ɗigo babu. Ta zauna a kan benci.

Barewa ya matso. Ya ce da girmamawa, Yallaɓai, kada a ɓata lokaci a kan kwano. Ai ga gwangwanin fentin can da burushi a kan kanta, Yaya Mai Fenti ya dawo da su, kuma duk mai shakka ya zaga bayan sito ya ga alamun rawaya sun sauko har gindin dutse. Mutumin da ya yi fenti har ƙasa ai ya sauko. A ganinsa cikin gari ya kamata a nema, tun da mai ciwon suga na iya faɗuwa a kowane lungu.

Sufeto ya ce magana ce mai kyau. Ya ɗauko burushin. Gashinsa ya sandare kamar tsintsiyar da ta kwana a siminti, ya buga shi a bakin kanta ya yi ƙwas.

Matar ta karɓa ta juya shi a hannunta. Ta ce baban yara yakan wanke burushi da kananzir kafin ya wanke fuskarsa, har faɗa suke yi a kan haka. In shi ya ajiye wannan a haka, to ba a cikin hankalinsa yake ba.

Sufeto ya ja Wutsiya zuwa rumfa, Saje ya buɗe littafi.

"Kai ka ga saukowarsa?"

"Da idona, Yallaɓai. Har gaisawa muka yi."

"Da hannu?"

"Da hannu."

"Nuna min hannunka. Wace riga ka sa jiya? Ina ya bi da ya fita, hagu ko dama?"

Wutsiya ya ce hagu, ya ce a'a dama, sannan ya fara goge zufa da hula. Saje ya ce masa a hankali, maigida, ɗinkin nan naka ya karkace, gara ka farke tun ba a kai wa mai kaya ba. Sai tela ya faɗi gaskiya. Cikinsa ne ya murɗa tun a hanya. Da ya iso ya ga saura lamba biyu a sama, ta Mai Fenti da ta Barewa, ya bar ɗakin a buɗe ya ruga bayan gari. Ya jima. Da ya dawo layin sama babu komai, Barewa na rumfa Sakatariya na auna masa buhunsa, shi kuwa ya sa kwaɗo. Kunya ce ta hana shi faɗa, shekara tara yana riƙe da aikin nan ba a taɓa samunsa da sakaci ba.

"Kunyarka ta ci mana awa goma sha shida," in ji Sufeto. "Wane buhu ake aunawa?"

Sakatariya ta ce duk sharar da mutum ya kwaso a buhunsa take, da sunansa a jiki. Ita ke ɗaure baki ta auna, don a sa wanda ya fi ƙoƙari a takardar labarai, sannan ta kulle su a sito sai Litinin motar shara ta zo. Makullin siton na jakarta.

Sufeto ya ce a buɗe.

Saje ya dubi buhu goma sha takwas, ya dubi sama, ya ce shekara talatin da huɗu yana aikin gwamnati ashe a bola zai ƙare. Aka zazzage su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Robobin ruwa, ledoji, gwangwanayen lemo, takalmi ƙafa ɗaya, har da wata tsohuwar laima. A buhu na sha ɗaya, can tsakiya, Saje ya zaro safar hannu guda biyu a dunƙule. Ya warware su. Yatsun sun manne da juna da fenti rawaya.

Sufeto ya juya buhun ya karanta sunan.

Barewa bai ko ƙifta ido ba. Ya ce tabbas nasa ne. A can ƙololuwa, kafin a rabu, murfin gwangwanin ya ƙi buɗuwa, shi ya taya Yaya Mai Fenti ɓalle shi, fentin ya zubo masa. Sakatariya ta ce ba za ta rantse ba, a lokacin tana ɗaure wa wata ƙafa. Wutsiya ya ce shi yanzu ko sunansa aka tambaye shi sai ya yi tunani.

Sufeto ya sa safar a leda. Ya ce to shi ke nan, bari a je a ga aikin Mai Fenti, tun da an ce ya kai har ƙasa. Ya ce Sakatariya ta ɗauko jakar magani da ruwa, Wutsiya ya biyo su da igiya mafi tsawo, Barewa kuma ya shige gaba tun da shi ya fi kowa sanin hanya. Ya aika direban motarsu ya kira motar asibiti da sauran 'yan ƙungiya. Matar ta cire silifas ɗin da ya rage ta ce da ita za a hau. Sai da Sakatariya ta riƙe hannunta ta ce, Yaya, in kika faɗi mutum biyu za mu ɗauko, sannan ta haƙura ta miƙa ledar maganin.

Ƙarfe goma saura suka kama sabuwar hanya daga ƙasa. Alama ta farko na jikin wani dutse a bayan sito, zane ɗaya a tsaye, fentin ya zuba ya yi hawaye. Ta biyu ma haka, ta uku haka. Sufeto yakan tsaya a kowace, ya jingina da dutsen kamar mai hutawa, ya duba inda alamar ta zo masa. Duk a ƙirji suke tsaya masa, shi kuwa ba gajere ba ne.

Rana ta ɗaga. Saje na baya yana numfashi kamar zugazugi, yana tambayar wanda ya aiki mutane su hau abin da Allah ya ajiye don a zagaye shi. Barewa na gaba, sau biyu yana juyowa yana cewa Yallaɓai ai an ga abin da ake son gani, a koma a nemi bawan Allah cikin gari. Sufeto ya ce ƙafarsa ta fara jin daɗin hawan, a ƙara gaba kaɗan.

Sun ƙirga alama talatin da ɗaya. A wajen ƙarfe ɗaya suka iso wani lanƙwasa inda hanya ta matse, dutse a dama, ciyawa da ƙaya a hagu. Sufeto ya nemi ta talatin da biyu a ƙirji bai gan ta ba. Sai da ya sunkuyar da kai. Ga ta can ƙasa daidai gwiwa, kibiya ce tsaf, bakinta a miƙe kamar an ja da ma'auni, ba ɗigo ko ɗaya. A gabanta, cikin ƙasa mai laushi, ga gurbin gwiwa biyu.

Ya haura ya duba ta gaba, da ta gaba da ita. Duk a gwiwa suke. Ya dawo.

Ya tambayi Sakatariya dalilin da zai sa mutum ya yi alama a ƙasa haka. Ta ce ai koyarwar Mai Fenti ce kullum, mai saukowa daga dutse ƙafarsa yake kallo, ba sama ba, don haka alama a gwiwa take zama. Tana cikin faɗa sai muryarta ta sauka, ta juya ta dubi hanyar da suka biyo.

Sufeto ya koma kan alama ta talatin da ɗaya. Wannan ta fi sauran tsawo ma, don dutsen ya ɗan karkata. Ya kira Saje, wanda ya fi Mai Fenti tsawo da kusan taƙi guda, ya ce ya taɓa ta. Saje ya yi ɗage, ya miƙa hannu, da ƙyar yatsansa ya kai gindinta.

"Barewa, zo ka tsaya nan."

Barewa ya zo. Ko ɗage bai yi ba, hannunsa ya kai har saman alamar.

"Mutum goma sha tara suka hau," in ji Sufeto. "Daga nan zuwa sama aikin mai durƙuso ne. Daga nan zuwa ƙasa aikin dogo ne mai sauri, da safa a hannu. Da ɓarawon kasuwa ne ya yi aikin nan, da ya cilla safar cikin ƙayar can, har abada ba mai ganinta. Kai hannunka ya ƙi. Shekara nawa kana hana mutane yar da leda a dutsen nan?"

"Goma sha ɗaya," in ji Barewa, muryarsa ba ta fita sosai.

"Sai ka jefa a buhunka, ka ce ka cire a ƙasa. Kafin ka juya an ɗaure an auna an kulle. Ba ni da lokacin jan magana, akwai mai ciwon suga a wani wuri kusa da nan. Ina yake?"

Barewa ya sulale ya zauna a ƙasa. Ya ce ba sauran sauri, Yallaɓai, a aika a kawo makara.

Sai ya faɗi komai, kansa a tsakanin gwiwoyi. Mafarauta sun daina zuwa dutsen tun bara, tarko ya ƙare. Shi kuwa ya saba ganin hotonsa a bango, 'ya'yansa na kai takardar makaranta suna nunawa. Sai ya fara yanko waya daga shagonsa, ya ɗana a Asabar ɗin wannan wata, ya cire a ta watan gaba a gaban mutane. Jiya ya zagayo sabuwar hanya yana zaton ba kowa, yana tsugune yana murɗa waya sai ya ji an ce, ashe kai ne mafaraucin. Ya roƙi Mai Fenti, har ƙafarsa ya kama. Mai Fenti ya ce ba zai rufe ba, don watan jiya da hannunsa ya binne wata rema da tarko ya yanke wa ƙafa. Barewa ya riƙo rigarsa, shi ya fizge, ƙasa ta zame da Mai Fenti. Bayan ciyawar nan akwai tsaga, ba a ganinta sai an taka. Barewa ya leƙa ya kira shi ya fi sau ashirin, shiru. Sai tsoro ya ba shi shawara, ya ɗauki gwangwani ya ƙarasa fentin har ƙasa, ya tarar da ɗaki a buɗe, ya sauke lamba biyu.

Sufeto bai tsaya jin ƙarshen kukan ba. Ya ratsa ciyawa da rarrafe har bakin tsagar. Duhu ne a ciki, zurfin ya kai gaba shida ko bakwai, ga iska mai sanyi na fitowa. Ya kira, ba amsa. Sakatariya ta zo ta kwanta rub da ciki kusa da shi, ta ciro usur ɗin da kowane ɗan ƙungiya ke ratayawa a wuya, ta busa sau uku. Suka yi tsit. Saje ma ya riƙe numfashinsa, abin da bai iya ba tun safe.

Ta sake busawa.

Daga can ƙasa wani abu ya amsa, siriri kamar kukan ɗan tsako. Sau ɗaya. Aka jima, sannan na biyu.

Sakatariya ta kifa goshinta a kan dutse tana hamdala. Barewa ya taso da gudu har Saje ya cafke masa wando, yana tsammanin tserewa zai yi. Barewa ya ce a sake shi, shi kaɗai ne a nan zai iya shiga ramin nan ya fito da mutum a bayansa. Sakatariya ta ce gaskiya ya faɗa, in aka jira sauran su hauro wata awa biyu ce, ita kuma ba ta ba Mai Fenti awa biyu ba.

Sufeto ya dube shi tsawon numfashi uku. Ya ce Saje ya zauna ya tokare ƙafa da dutse a naɗa masa igiyar a ƙugu, yau tumbin nan zai yi wa gwamnati aiki. Ya ce da Barewa, in ka fito kai kaɗai, ka san abin da zan rubuta.

Barewa ya ɗaure kansa, ya sa gorar ruwan sukari a riga, ya sauka. Igiya na tafiya, Sufeto da Sakatariya da Wutsiya na saki kaɗan-kaɗan. Can ta tsaya. Suka ji magana ƙasa-ƙasa, suka ji kuka, ba su san na wane ne ba. Bayan kamar minti ashirin aka girgiza igiyar sau biyu, suka fara ja.

Na taɓa kwana biyu a rami irin wannan da karyayyen haƙarƙari, ina lasar raɓa a jikin dutse, don haka in na ce muku fitowa daga cikinsa haihuwa ce ta biyu, ba a littafi na karanta ba.

Kan Barewa ya fara bayyana, sannan ɗan gajeren mutum ɗaure a bayansa kamar goyo, leɓe ya tsage, ƙafar hagu ta juya inda ba a juya ƙafa, goshi da busasshen jini, babban yatsansa rawaya shar. Wata 'yar baranda ce ta tare shi a tsakiyar ramin. Ya suma, ya farfaɗo bayan kowa ya tafi. Dabinon nan bakwai ya raba su, ɗaya duk in ya ji jiri, ƙwallon na ƙarshe na bakinsa har lokacin.

Sakatariya ta huda masa yatsa ta gwada jini, ta ba shi ruwa da cokali, ta ɗaure ƙafar da sanda biyu. Ta ɗago ta ce wa Sufeto zai yi rai, in sha Allahu, amma da an kai la'asar da wani zancen ake yi.

Dab da la'asar sauran 'yan ƙungiya suka iso da gadon ɗaukar majiyyaci. Da aka ɗaga shi aka fara sauka, Mai Fenti ya buɗe ido, ya sauke shi a kan alama ta talatin da ɗaya. Ya motsa baki. Sufeto ya kai kunne yana zaton sunan mai laifi zai ji.

"Wa ya yi wannan ƙazantar?" in ji Mai Fenti. "Kada a ce aikina ne."

Saje ya yi dariya har ya zauna. Duk alamar da aka wuce sai Mai Fenti ya rufe ido ya yi tsaki, har gindin dutse, sau talatin da ɗaya.

Matar na tsaye ba takalmi a bayan sito. Ba ta yi gudu ba, ba ta yi ihu ba. Ta zo ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa ta bar shi a nan, tana jin yana hawa yana sauka. Ta ce masa ya kyauta. Ya ce ta yi haƙuri, wandon ya sake yagewa. Aka sa shi a motar asibiti.

Kafin ta shiga ta juyo wajen Barewa, wanda ke tsaye tafin hannunsa duk igiya ta saɓule.

"Jiya da magariba kai na fara kira," ta ce. "Ka ce min, Yaya, ki ci abinci ki kwanta."

Bai iya ɗaga ido ba. Ita kuwa ta shiga mota aka ja ƙofa.

Sufeto ya ce Saje ya kwashe tarkunan nan bakwai da safar da burushin a matsayin shaida. Ya ce Sakatariya ta wanke wa Barewa hannu ta naɗe da bandeji tukuna, sannan ya ciro ankwa. Barewa ya miƙa hannu biyu da kansa. 'Yan ƙungiya suka dare gida biyu aka wuce da shi, ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya yi masa sai an jima.

A bakin mota ya tsaya ya tambayi abin da za a rubuta masa.

"Jikkata mutum, barinsa cikin halaka, da ɓoye shaida," in ji Sufeto. "Ba ƙaramin abu ba ne, za ka ga alƙali. Amma da hantsi kisan kai na fara rubutawa a raina. Ka gode wa gajeren nan da ya ƙi mutuwa."

Na ga an sa wa mutane ankwa iri-iri a rayuwata, masu zagi, masu suma, masu kiran sunan ubangidansu. Barewa ya dubi ƙurar motar asibitin har ta sha kwana, ya ce alhamdu lillahi, ya sunkuya ya shiga.